Sunan da Lavina Ta Hana

A wurinmu, 'yan ƙabilar Onondaga, sunan mutum kayan dangi ne. Uwar dangi ke riƙe da shi, kuma ba a sa wa jariri sunan wanda ke da rai. Yaran yanzu su ji wannan da kyau.

Yayata Lavina ita ce uwar dangin Kunkuru. Jikarta guda ɗaya, Ganenhawi, a hannunta ta tashi. Shekarar da masara ta ƙi, 'yan mishan suka kawo ganguna cike da gari da tsofaffin riguna, amma sai gidan da ya ba da yaro makaranta. Lavina ta bayar. Can suka yanke wa yarinyar gashi, suka ce sunanta Hariyet. Da ta gama, suka sama mata aikatau a birni, gidan wata mai taimaka wa cocinsu. Ba ta ƙara zuwa ba.

Dab da bikin tsakiyar hunturu, lokacin raɗa sunaye a Dogon Gida, zauren taronmu, Sofrona 'yar ƙanwarmu ta haifi mace, ta zo neman suna.

"Inna, ba ni Ganenhawi mana. Mai shi ta zama Baturiya, da cokali take shan ruwa."

"Gawarta kika gani?" in ji Lavina.

"To sunan zai yi ta zama a madafar wasu yana wanke tukwane?"

Washegari Lavina ta ce in ɗaura wa doki keke, za mu birni. Na ce, "Yaya, da wannan gwiwar taki?" Ta ce, "Kai dai ja, tsohon banza, ba kai za ka ɗauke ni ba."

Ta ƙofar bayan gidan da Ganenhawi ke aikatau muka tsaya, cikin ƙanƙara. Yarinyar ta fito da farin gyale ɗaure a ƙugu, hannunta duk gari. Lavina ta kira ta da sunanta na gida. Ta waiwaya ta dubi cikin gidan tukuna, sannan ta amsa da harshenmu, a karye kamar na mai koyo.

"Kaka, a nan ba a kirana haka."

"Ba zancen nan na zo yi ba. An haifi yarinya, ana son sunan. Naki ne har yanzu, ko in bayar?"

Yarinyar ta buɗe baki za ta amsa. Sai aka kaɗa ƙararrawa daga ciki, matar gidan ta ƙwala kira, "Hariyet!" Ta ce mana tana zuwa, ta tura ƙofa.

Muka jira har dokin ya fara karkarwa. Lavina ba ta ƙwanƙwasa ba, ni ma ta hana ni. Ƙofar ba ta sake buɗewa ba.

A hanya na ce, "Kin dai ji amsa." Sai da muka hango hayaƙin gidajenmu ta amsa.

"Ba ta ce in bayar ba."

Ranar biki ta miƙe gaban jama'a ta ce sunan yana jikin mai shi. Aka sa wa jaririyar wani. Sofrona ta yi fushi, ta janye 'ya'yanta, ba mai kawo wa tsohuwa itace sai ni. Ina zuwa in tarar ta zuba miyar masara kwano biyu. Ɗayan ba ta taɓa cewa nawa ne ba, ni kuma ban taɓa taɓa shi ba.