Haifaffen Seoul

Ki-tae ya karɓi kwalin daga hannun mahaifiyarsa a tashar mota. Ƙarnin busasshen kifi ya daki hancinsa, ya waiga ko akwai wanda ya san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan waige a Seoul. Ya wanke harshen tsibirinsu tas daga bakinsa, har abokan aikinsa a kamfanin inshora sun ɗauka ɗan birni ne gaba da baya.

Suka zauna a shagon taliya. Ta zaro mujallar adabin da ta buga labarinsa na farko, irin wadda yake shafa bangonta a kantin littattafai tun yana ɗalibi.

"Ashirin na saya," in ji ta. "Mai gari ya sanar a lasifika har sau biyu. Sun rataya ƙyalle a tashar jirgin ruwa, ga sunanka ɓaro-ɓaro."

"Umma, wa ya sa ki wannan wahala?"

"Yi min shiru. Da muka taru a zauren tsofaffi, mai gari ya karanta abin da ke ƙarƙashin hotonka. Wai haifaffen Seoul. Tsohuwa Mal-sun ta ce, 'Tabɗi! To wanda na yanke wa cibiya a ɗakinki fa, ɗan wa ne?' Aka yi ta dariya."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Da hannunsa ya rubuta layin nan. Editan ko tambayarsa bai yi ba.

"Me kika ce musu?"

"Na ce masu bugawa ne suka yi kuskure. Mutanen birni, ka san su da gaggawa." Ta buɗe shafin. Ta liƙa 'yar farar takarda a kan layin da ƙwayar dafaffiyar shinkafa. "Duk na liƙe. Jibi zan raba gida-gida."

"Haka ne, Umma, su ne suka..."

Ba ta dube shi ba. Ta turo masa biro.

"Hannuna rawa yake yi. Kai ka cike. Abin da ka rubuta, shi zan kai musu."

Aka kawo taliya, ba wanda ya taɓa. Ya daɗe riƙe da biron, sannan ya rubuta sunan tsibirin, rubutun ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ta ɗaga shafin kusa da idonta ta duba, ta sunkuya ta kwance igiyar ɗaurin sauran mujallun da ke ajiye kusa da ƙafarta.

"Saura sha tara," ta ce.