Ranar da Jirgin Baba Direba Ya Juyo

"Ba nan ba, Tela. Matsa gaba kaɗan. Kin ga wani ɗan ƙarfe siriri yana shafar ƙafar ta ciki?"

"Na gan shi, Baba."

"To ɗaga shi da allurarki. A hankali fa, kada ki karya mini, ba a sayar da irinsa yanzu."

Kan jirgin yana kife a cinyata bisa tsohon tawul, ƙafafunsa a sama kamar kazar da aka fige. Duka tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Baba Direba na zaune gefena a kujerarsa, ƙafafunsa biyu da suka kumbura na kan matashi, yana ba da umarni yana haki. Hannunsa ya daina riƙe komai tun watan da ya wuce, ko cokali ya ɗauka sai ya yi ta kaɗawa. Shi ya sa ni, da ban san komai ba sai zare da almakashi, na wayi gari bakanikiyar jirgin ƙasa.

Ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na biyu. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin gaske, da ya ajiye aiki sai ya dawo da ɗan wannan, ya kafa masa layin dogo a kan teburin da ya cinye rabin falonsa, da tasha ta kwali da gada ta tsinken ashana. Da can dariya nake masa. Nakan ce, "Baba, tsofai-tsofai da kai kana wasan yara?" Yakan ce ai ni ma kullum a kan keke nake, ban taɓa zuwa ko bakin titi da shi ba.

Na daina dariyar lokacin da matarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ta fara rikicewa. Idanu ne suka fara tafiya, tunani ya bi bayansu. Kullum rana ta yi sanyi sai ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa, wai gida za ta, mahaifiyarta na jira. Mahaifiyar nan kuwa ta rasu tun ba a haife ni ba. Lallashi ba ya yi, faɗa ba ya yi. Abu ɗaya ne yake yi: Baba ya zaunar da ita kusa da teburin, ya murɗa makunni, jirgi ya tashi da ƙararsa, shi kuma ya ce da muryar aiki, "Fasinjoji a gyara zama." Sai ta rungume ƙullinta ta yi shiru tana saurare, har lokacin ya wuce ta manta inda za ta.

To jirgin nan ne ya mutu a farkon makon. Washegari Inna ta fice ba wanda ya gani, sai mai gyaran takalma na bakin mararraba ne ya tsinto ta tsakiyar motoci tana lalube. Ɗansu, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya bugo waya ransa a ɓace, ya ce yana nan tafe, zai sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne. Amma Baba da ya ajiye wayar sai ya juyo gare ni.

"Ba za a kulle ta ba," ya ce. "Matar da ko taga aka rufe sai ta ce numfashinta ya tsaya? Ina raye ko ba na raye, Tela, ba za a kulle ta ba."

Shi kansa likita ya riga ya ba shi gado a asibiti, zuciyarsa ta gaji, ruwa ya taru a ƙirjinsa. Ya ce ba inda za shi sai jirgi ya tashi. Na yi masa tsiya, na yi masa magiya, har kuka na yi masa. Ya bar ni na gama sannan ya ce in je in ɗauko dutsen gugata.

Da dutsen gugar muka gwada soket, domin a cewarsa ba a fara zargin jirgi, daga bango ake farawa a bi wuta har inda ta maƙale. Soket lafiya. Muka koma kan taransifoma, ɗan baƙin akwatin da makunnin yake jiki, muka taɓa masa ƙwan tocila mai wayoyi biyu, ya kama. Na goge dogon kaf da ƙyalle har ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, na matse duk mahaɗa da filaya. Muka ɗora jirgi, fitilar goshinsa ta kawo, amma ko motsi bai yi ba. Wannan duk jiya ke nan, kuma jiyan da jikina na tare ƙofa, Inna tana dukan ƙirjina tana kirana azzaluma.

"Fitila ta kama, ke nan wuta ta shigo gida," in ji Baba yanzu, bayan na kankare dattin da ke ƙarƙashin siririn ƙarfen. "Tsakanin zaure da ɗaki ta ɓace. Buɗe cikinsa."

Na kwance 'yan kusoshin, na zuba su a murfin kwalba kada su bi ƙasa. Ciki akwai ɗan inji kamar ƙwaryar zaren keke, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya sa na duba gawayin injin, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, na ce masa da sauransu. Ya sa na kai hanci na sansana, ba ƙauri. Ya rufe ido ya daɗe, har na zaci barci ne ya ɗauke shi.

"Ja wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ki fizga, ki ja kamar kina gwada ɗinki."

Baƙar ta tsaya ƙyam. Jar kuwa sai ta biyo ni tana miƙewa.

"Baba, wannan tana talewa."

Ya buɗe ido. "Munafuka! Ta tsinke a ciki, rigarta na rufa mata asiri. Ashe ke ce kika hana mu barci."

Ya ce a canza duka biyun, tunda sa'annin juna ne. Na farke tsohuwar rediyonsa na ciro wayoyi, na feƙe bakinsu da reza, na jona ƙarfen narka dalma ya yi zafi. Daga ɗaki na fara jin motsin Inna tana buɗe durowa. Rana ta sauko kan bangon maƙwabta, lokacinta ya kusa.

"Ja a dama, baƙa a hagu," in ji Baba.

Nan ne sana'a ta ci ni. Mu teloli ta baibai muke aiki, in riga tana kife a gabanki aka ce hannun dama, kin san wanda ke hagunki ake nufi. Jirgi kuwa a kife yake a cinyata. Ban ko tsaya tunani ba na juya maganar, na liƙa ja a haguna, baƙa a damana. Ashe shi ya riga ya yi wannan lissafin kafin ya buɗe baki. Bai gani ba, domin hayaƙin dalmar ya tayar masa da tari mai tsanani, ya duƙe yana riƙe da ƙirji, hawaye na zuba. Na ce in kawo ruwa, ya yi mini nuni da hannu in ci gaba.

Ina ɗaure kusa ta ƙarshe Inna ta fito da ƙullinta, tana bin bango da hannu.

"Ku matsa mini, yamma ta yi. Za a ce na daɗe."

"Zo ki zauna, jirgi ya iso," in ji Baba. Muryar da ƙyar ta fito.

"Ƙarya kake. Jiya ma haka ka ce."

Na kamo hannunta na zaunar da ita tana turjewa, na ɗora jirgin a dogo, na maƙala taragu. Baba ya miƙa hannu ya dafa makunnin da yatsu biyu, ya murɗa kaɗan. Fitila ta kawo. Jirgin ya yi ɗan gurnani, ya girgiza, sai ya tashi da baya yana tura taragunsa.

"Tela! Me kika yi mini?"

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi jirgin, sai dariya ta kama shi, dariya da tari a haɗe. Ya ce in ɗaga kan jirgin in juya fuskarsa in mayar da shi ɗaya ƙarshen. Na yi. Yanzu da gaba yake tafiya, sai dai zagayen ya juye, maimakon ya wuce Inna daga hagu zuwa dama yadda ya saba, daga dama yake fitowa.

"Ba komai," ya ce, "a bayan taransifoma za ki musanya wa..."

"Yi shiru," in ji Inna.

Ta karkata kai tana bin ƙarar da kunne. Jirgin ya wuce ta, ya hau gada, ya zagayo, ya sake wucewa. Sai na ga fuskarta ta saki, irin sakin da na daɗe ban gani ba.

"Yau kam mun juyo," ta ce. "Kullum ina gaya maka ba nan ce hanyar ba, ka yi ta nisa da ni. Yau ka ji magana."

Baba ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Na ji magana," ya ce. Sannan ƙasa-ƙasa, gare ni: "Kada ki taɓa wayar nan. Bar shi haka."

Da safe ya yarda aka kai shi asibiti. Ɗansu ya riga ya iso a daren, shi da mai gyaran takalma suka sauko da shi a kan kujera, hawa ɗaya su huta. Kafin su fara sauka, a bakin ƙofata ya sa suka tsaya. Na zaci wata babbar magana zai yi, sai ya ce in riƙa goge dogo kafin in kunna, kuma kada in kuskura in ɗiga masa man keke. Na ce, "To Baba, sai ka dawo ka duba aikina." Ya ce, "Allah Ya kai mu." Mu duka mun san abin da muke yi.

Bai dawo ba. Ina kan keke ina kafa wuyan wata riga, da hantsi, wayata ta yi ƙara, na ji muryar ɗan na gane tun kafin ya faɗa. Na kifa kaina a kan keken na yi kuka mai isata. Mutumin nan ba ubana ba ne, ba danginmu ɗaya ba, amma tun da mijina ya rasu ba a taɓa wayewar gari bai ƙwanƙwasa ƙofata ya tambayi yadda na kwana ba.

An gaya wa Inna. Ta yi kuka, ta manta, ta tambaya, aka sake gaya mata, ta sake kuka sabo, har na hana a ƙara faɗa mata. Da mutane suka watse, yamma ta yi, na shiga na tarar da ɗan tsaye a ƙofar ɗakinta da sabon kwaɗo a hannu, idanunsa jajur. Ita kuma tana ciki tana ƙulla kaya.

"Yaya, ban san yadda zan yi ba," ya ce mini. "Jibi zan koma aiki."

"Sa shi a aljihu tukuna. In bai yi ba, ni da kaina zan kulle."

Na goge dogo. Na zaunar da ita, na zauna a kujerar Baba, na murɗa makunnin. Jirgi ya zabura da gudu har taragu suka yi ƙara. Na buɗe baki in ce fasinjoji a gyara zama, sai na fasa.

Inna ta saurara har ya zagayo sau ɗaya.

"Wannan ba tuƙinsa ba ne," ta ce. "Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna. Tela."

"Shi yana ina?"

Na dubi ɗan. Ya juya fuskarsa bango.

"Ya sauka, Inna."

"Ya sauka," ta maimaita. Ta gyara ƙullin a cinyarta. Na jira ta miƙe, na riga na sa ƙafa ɗaya a ƙasa don in riga ta zuwa ƙofa. Ba ta miƙe ba.

"Amma hanyar dai ita ce?"

"Ita ce."

"To ke kina fizga da yawa."

Ta miƙo hannu tana lalube a gefen teburin har ta sami nawa a kan makunnin. Tafinta a bushe yake, da ɗumi. Ta mayar da yatsuna baya kaɗan, ta ƙara kaɗan, har ƙarar ta sauko ta zama wadda na saba ji ta bango ina ɗinki. Jirgin ya fito daga dama a hankali, ya wuce gabanmu da 'yar fitilarsa, hannunta na kan nawa.