Minti Ashirin na Shiru a Dajin Lonquimay

A ranar Asabar ta biyu ta watan Afrilun 2019, shekara talatin da 'yan watanni bayan dutsen Lonquimay ya yi aman wuta a Kirsimetin 1988, Ercilia Catrileo ta bi mijinta Rigoberto zuwa dajin da ke bayan gari. A can kudancin duniya, lokacin kaka ne. Ganyen itacen lenga ya yi ja ya fara zuba, 'ya'yan itacen pewen, waɗanda ake ci, sun faɗo, kowa na tsinta kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Shi tsinta ta kai shi. Ita kuwa likita ce ta ce hawan jininta ba zai sauka da ƙwaya kaɗai ba. Ta ce ta riƙa zama a daji, ta rufe ido, ta bi numfashinta, duk sautin da ta ji ta lura da shi, ta bar shi ya wuce.

"Shekara sittin da uku kina numfashi, tsohuwa," in ji Rigoberto, "sai yanzu za a koya miki?"

"Minti ashirin nake roƙo, tsoho. Ko na yi maka magana, kada ka tanka."

"Na rantse. Ai ni aka yi wa gata."

Ta zauna a kan wani kututture, ta lulluɓa da bargonta na ulu mai ruwan toka. Ta ji iska a saman itatuwa. Ta ji wani tsuntsu na ƙwanƙwasa reshe, ta ji 'ya'yan pewen na faɗawa buhun mijinta ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta ji taku a kan busasshen ganye, a hankali, ana yi ana tsayawa. Ta lura da shi, ta bar shi ya wuce, kamar yadda aka koya mata. Takun ya matso, tsuntsun ya yi tsit. Wani wari irin na ɗanyen nama ya bugi hancinta, ta buɗe ido.

Puma ne, wato zakin dutsen yankin, taku goma daga inda take, cikinsa a ƙasa, bakin jelarsa kaɗai ke motsi. Ba ita yake kallo ba, domin tsabar zamanta ba motsi ya ɗauke ta kututture. Rigoberto yake kallo, wanda ya duƙa yana tsinta, ya ba shi baya, daga nesa kamar tunkiya mai kiwo.

Ta san abin da kowa a Lonquimay ya sani: ba a duƙa wa puma, ba a gudu a gabansa.

"Rigo," ta ce ƙasa-ƙasa. "Miƙe tsaye."

Bai waiwayo ba. Ya ɗaga yatsa sama, alamar yana nan kan rantsuwarsa, ya ci gaba da tsinta. Dabbar ta ja jiki taku biyu.

"Rigoberto Antonio, don girman Allah, miƙe. Kada ka gudu."

Ya ji muryar ba ta wasa ba ce. Ya miƙe a hankali, ya juyo, buhun ya suɓuce daga hannunsa.

Ercilia ta hau kututturen, ta ware bargon da hannu biyu, ta yi ihun da ba ta san tana da shi ba. Puman ya juyo, sai yanzu ya gan ta, ya kafa mata idanu masu ruwan zuma. Ba ta sauke hannu ba, duk da kafaɗunta na zafi. Rigoberto ma ya ɗaga hularsa yana kururuwa. Da ƙyar dabbar ta tashi, ta ratsa cikin jan ganye ba gaggawa, ta ɓace.

Da baya da baya suka yi tafiya har bakin hanya, hannunsu riƙe da juna, ba wanda ya koma ɗaukar buhun. A wurin motarsu Rigoberto ya gwada sa makulli sau uku, bai dace da ramin ba.

"Matsa, tsoho," in ji Ercilia. "Ni zan tuƙa."