Mata Shida a Lambar Waya Ɗaya

Ƙarfe sha ɗaya saura Rahmat ta sake duba yawan sunayen, karo na uku. A tsohon shafin akwai mata dubu huɗu da ɗari ɗaya. A sabon, dubu biyu da ɗari tara.

Su huɗu ne a ofishin, ɗaki guda a saman wani shagon tela a Bolori. Wata uku ke nan suna kwashe shafin intanet na wani ƙaramin asibiti da ke Gwange daga tsohon firemwok, wato ginshiƙin da ake ɗora manhaja a kai, zuwa sabo. Shafin ne ke tura wa iyaye mata saƙon ranar rigakafin yaransu. Ajimi, mai kamfanin, ya ce ƙarfe biyu za a kashe tsohon a kunna sabon. Kwashe sunayen kuwa aikin Rahmat ne, na farko da aka bar mata ita kaɗai tun da ta gama jami'a.

"Yau za mu binne kakanka, Pindar," in ji Habib, yana juyi a kujerarsa. Pindar ne ya rubuta tsohon shafin shekara bakwai da suka wuce.

"Kakan nawa bai taɓa faɗuwa ba. Jaririn naka ko haƙori bai fara ba."

"Kai ma fa ba ka gane abin da ka rubuta. Ran nan na ji kana zagin wanda ya yi shi."

Rahmat ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki lambar waya guda ta nema a tsohon shafin. Mata shida suka fito, kowacce da ɗanta da ranar allurarsa. Ta nema a sabon. Mace ɗaya ce kawai, wadda aka rubuta a ƙarshe.

Nan take ta gane matsalar. Sabon firemwok ɗin ya zo da nasa tsarin rajista, mai ɗaukar kowace lamba a matsayin mutum ɗaya, ita kuma ta yi amfani da shi yadda ta same shi. Duk matar da ta shigo da lambar da aka riga aka gani, sai ta danne ta gabanta, ba tare da kwamfutar ta yi ƙorafi ba. Abin da ya fi cin ta shi ne ta san yadda ake yi. A gidansu na Bulabulin, wayar mahaifiyarta ce ke karɓar kiran maƙwabta uku.

Ta yi tunanin yin shiru ta gyara a ɓoye kafin Litinin. Amma gobe da safe saƙonnin wannan makon za su fita. Ta rubuta wa Ajimi saƙo, ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa.

Bayan azahar Ajimi ya shigo da ledar lemo.

"Na gaya wa Sista Phebe ta asibitin, ƙarfe biyu. Habib?"

"A shirye nake, Oga."

"Pindar?"

"Ni zaman makoki nake."

"Rahmat?"

Ta buɗe baki, ƙarar fanka ta haɗiye abin da ta ce. Pindar ya miƙa hannu ya kashe fankar.

"Oga, mata dubu da ɗari biyu ba su shiga ba. Ni na yi kuskuren."

Ta juya masa kwamfutar, ta nuna masa shidan nan, sannan ɗayar. Ajimi ya ajiye ledar. Ya daɗe yana kallo.

"Ba mun gwada ba?" in ji Habib.

"Da wayoyinmu muka gwada," Pindar ya ce. "A cikinmu wa yake aron waya?"

Ajimi ya juyo wajen Rahmat.

"Tun yaushe kika gani?" Ajimi ya tambaye ta.

"Tun sha ɗaya."

"Shi ne kika zauna da shi awa uku?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kwana nawa gyaran?"

"Huɗu. Ko biyar."

"Huɗu ko biyar, Rahmat? Wata zan je in faɗa wa."

"Biyar."

Ya fita baranda da wayarsa. Ta taga tana ganin bayansa, yana magana yana shafa ƙeya. Ta kasa jin komai sai kekunan ɗinki daga ƙasa.

Da ya dawo bai zauna ba.

"Tsohon zai ci gaba har Talata. Sista ta ce wanda ya yi aikin ya zo gobe ƙarfe takwas, ya zauna a teburin rajista ya ga yadda matan ke ba da lamba. Na ce mata ke ce."

"Ni kaɗai, Oga?"

"Ke kaɗai. Kuma ki riƙa ɗaga murya, Sista ba ta son maimaita tambaya."