"Da Sauƙi" a Gado na Bakwai

Kun wuce ta gaban gado na bakwai, kada ku ce ba ku wuce ba. In ba shi ba, to wani irinsa a wani asibitin. Kun tsaya daga nesa kun ce, "Sannu, yaya jiki?" An ce muku, "Da sauƙi." Kun ce Allah ya ƙara, kun juya kamar ana korarku. Hancinku ya gaya muku wani abu, kuka yi masa kunnen uwar shegu. Na sani, domin ni ma haka na yi, kuma ni nas ce.

Baba Tela ne a gadon. Ciwon suga gare shi, kuma ƙusa ta huda masa tafin ƙafar dama, wadda ya shekara arba'in yana taka keken ɗinki da ita. Likita ya rubuta a kati cewa a wanke ciwon kullum. Ranar Litinin da safe ni ce a bakin aiki, majiyyata ashirin da biyu a ɗakin, mu nas biyu. Na tambaye shi jiki, ya yi murmushi ya ce da sauƙi. Bandejin fari tas. Na rubuta "yana samun sauƙi", na ce a raina masu aikin rana za su wanke. Daga nan na tafi hutun kwana biyu.

Ranar Alhamis na dawo. Tun daga ƙofa na ji warin. An buɗe tagogi, an fesa turare, 'yarsa tana zaune tana yi masa fifita.

Na ɗauki katin. Ƙarƙashin rubutuna akwai rubutun mutum takwas, kowa da irin hannunsa, maganar kuwa ɗaya ce: yana samun sauƙi. Babu wanda ya rubuta launin ciwon, ko girmansa, ko cewa ya gan shi da idonsa.

Na sa safar hannu na ɗauko almakashi. Bandejin sama sabo ne, an naɗa shi a kan tsohon. Na ciki ya manne da nama. Yatsu uku sun yi baƙi kamar gawayi.

"Baba, ba ka jin zafi?"

"Ya daina tun shekaranjiya, 'yar nan. Shi ya sa nake ce muku da sauƙi."

Ba kara kawai yake yi mana ba. Ƙafar ce take mutuwa, shi kuwa ya ɗauka waraka ce.

"Amma kafin ya daina fa?"

"Kamar ana hura wuta. To ya zan yi? Mutum ya gaishe ka, sai ka tare shi da kuka?" Ya leƙa ƙafar, ya ɗauke kai. "Za dai a bar mini ita ko? Kayan mutane suna jirana a shago."

Na ce zan kira likita.

Likita ya zo ya taɓa bayan idon sawu yana neman bugun jini, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce za a shiga da shi tiyata da la'asar, sai an buɗe za a san inda za a tsaya.

Ranar ce kuma ake zaman bita. Kowane wata ma'aikatan ɗakinmu suna taruwa a ofishin shugabarmu, Matiron, wai mu waiwayi aikinmu mu ga inda muka yi daidai da inda muka kauce. A makaranta an koya mana cewa wannan zaman shi ne madubin nas. A nan kuwa shayi ne da biskit da takarda mai tambaya uku: me ya faru, me kika ji, me za ki gyara. Akwai wadda take da amsa ɗaya tun bara, kwanan wata kawai take canzawa. Ita ce muke kira Sista Ina-zuwa, saboda duk wanda ya kira ta abin da take cewa ke nan.

Matiron ta buɗe zaman. "Batun gado na bakwai. Na riga na rubuta, ku dai ku sa hannu. Majiyyaci ya ɓoye halin da yake ciki."

"Bai ɓoye ba, Anti," na ce. "Ba a duba ba ne."

"To fa, Farfesa ta fara," in ji Sista Ina-zuwa tana tsoma biskit a shayi. "A ba ta allo da alli."

"Sista, ke kika naɗa sabon bandeji ranar Talata?" na tambaye ta.

"Na ga na saman ya yi datti."

"Kin buɗe na cikin?"

"Na tambaye shi, ya ce da sauƙi. Ƙarya zan ce yana yi, dattijo sa'an ubana?"

"Yaushe kika taɓa jin wanda aka gaishe shi ya ce babu sauƙi? Kakata tana numfashin ƙarshe tana cewa da sauƙi. Gaisuwa ce muka ɗauka muka zuba a kati kamar sakamakon awo."

Matiron ta cire tabarau. "'Yata, shekarata talatin a aikin nan. Ciwon suga haka yake. Abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa."

"Wanda ke cikin katin nan mu muka rubuta shi, Anti. Layin farko ma hannuna ne."

Ban faɗa don a ce ina da gaskiya ba. Na faɗa ne domin tun safe nake ganin rubutun nan nawa, da yadda mutum takwas suka bi sawuna kamar tumaki.

"In kika rubuta haka, da ke za a fara," in ji Matiron, a hankali.

"A fara."

Na ja takardata. A tambayar farko na rubuta cewa na karɓi gaisuwa a madadin dubawa. A ta biyu na rubuta kunya. A ta uku na rubuta cewa daga yau ba zan sa kalmar sauƙi a katin mai ciwo ba sai na buɗe na gani, na rubuta launi da wari da faɗi, kuma ina neman a mai da wannan doka a ɗakin. Takardar Matiron ta zagayo, na miƙa ta gaba ban taɓa ba. Sauran duk suka sa hannu. Sista Ina-zuwa ta riƙe biro ta daɗe, sannan ita ma ta sa.

An fito da Baba Tela daga tiyata bayan awa biyu. Ba a tsaya a yatsu ba. An yanke daga ƙasan gwiwa.

'Yarsa ta same ni a ɗakin wankin ciwo ina jera kwanuka. Na shirya ta zage ni, na ma fi son hakan.

"Sista, mun gode da ɗawainiya," ta ce, har da russunawa. "Ke ce kika gano."

Na ce mata ni ce na fara sakaci, na gaya mata komai tun daga ranar Litinin. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Ai mu ma mun ji warin," ta ce. "Mun ga kamar rashin kunya ne mu koya muku aikinku."

Kunyarta da karar ubanta da lalacinmu, su suka haɗu suka cinye ƙafar mutum a cikin kwana uku, kowa yana gaida kowa.

Saboda haka ku saurara. In kuna da mara lafiya a kwance yau, ku tashi ku je. Ku ɗaga bargon. Ku kira nas, ku tsaya a kanta har ta kwance bandejin a gabanku, ku tambaye ta me ta gani, ku sa ta rubuta kuna kallo. Za ta ɓata rai, ku bar ta ta ɓata. In kuma ni kuka tarar a bakin aiki, kada ku raga mini.