Saƙon Ya Fanna ga Malamin Ƙanƙara

Aikina ke nan shirya wa mutane tafiya. A ofishin ƙungiyar agajin da nake aiki a Diffa, ni ce mai faɗin wace mota za ta je Sayam Forage, wane direba zai ja ta, ina za a sha mai, da lokacin da ya kamata a juyo kafin hanya ta ɓaci. Shi ya sa da ƙanena Abdullatif ya kira ni daga Grenoble ta ƙasar Faransa ya ce, "Yaya, ki taimaka mini da wani ɗan shiri," ban kawo komai a raina ba.

Shirin kuwa shi ne zai kai iyalinsa kan dutse a hutun makaranta na watan Fabrairu, yaransa su koyi siki, wato wasan nan na zamewa a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna ɗaure a ƙafa. Yaran biyu ne, Ilham mai shekara shida da Babagana mai huɗu. Ya ce duk ƴan ajin Ilham sun iya, ita kaɗai take yin shiru in ana labarin. Matarsa Yasmin aikin asibiti ya sha mata kai. Shi kuma na san shi tun yana ƙarami: in ka aike shi sayen gishiri, labari zai kawo maka.

Na ce, "To, Ya fa?"

Ya Fanna ita ce mahaifiyarmu. Wannan hutun na Fabrairu shi ne wanda Abdullatif ya yi mata alkawari tun bara, cewa zai kawo mata yaran lokacin da gari bai yi zafi ba. Ilham ta taɓa zuwa tana jaririya. Babagana kuwa, wanda aka sa wa sunan marigayi babanmu, ba ta taɓa ganinsa ba sai ta cikin waya.

Ya ce, "Ai ke kika ce kada in kawo su."

Gaskiyarsa ne. Ni na faɗa, kuma in aka sake tambayata zan sake faɗa. Kullum da safe ni nake karanta rahoton hanya kafin in saki mota. Ba zan ce wa ɗan uwana ya ɗauko ƙananan yara ya bi da su doguwar hanyar nan daga Yamai ba, alhali ni kaina ba na barin direbobinmu su bi ta su kaɗai.

"Za ka gaya mata?"

"Yaya, ke kin fi ni sanin yadda ake mata magana."

Auta ke nan. Ya ci tuwo ya bar maka wanke-wanke.

Ban gaya mata ba. Na ce sai na sami lokacin da ya dace, kuma duk wanda ya taɓa jiran irin wannan lokaci ya san ba ya zuwa da ƙafarsa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne shirin ya yi mini daɗi. Na saba da tafiyar da ake lissafin inda za a ɓuya in abu ya faru. Ga kuma tafiyar da babbar damuwarta ita ce kada yatsun yaro su yi sanyi. Na shiga ciki tsamo-tsamo. Na gano cewa ana raba yara aji-aji bisa shekaru, ƙanana irin Babagana ana ajiye su cikin wani ɗan fili mai shinge inda gangaren bai kai ya kawo ba. Na zaɓa musu darasin safe, don yaro ɗan shekara huɗu in ya ci abincin rana ba shi da sauran amfani. Na nemo masauki kusa da wurin da malamai suke karɓar yara, saboda takalman wasan nauyi gare su, ba yaron da zai yi nisa da su ba tare da kuka ba. Na ce wa Abdullatif kada ya sayi takalma, ya yi haya, ƙafar yaro ba ta jiran baɗi. Safar hannu kuma biyu-biyu, ɗaya ta jiƙe a sa ɗaya. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa cikin jus, na zama gwanar dutse.

Da yamma in na tashi daga aiki nakan zo da ordinatar, wato kwamfuta, gida, in zauna ƙarƙashin dogon yaro ina dubawa. Ya kuma tana kan tabarma tana tsince tattasan da Sha'ibu, ɗan ƙaninta mai kula mana da gona a bakin kogi, yake aiko mana. Ni ce ƴar farinta, don haka ba ta kiran sunana.

"Ke, tafiyar yaran ce kike ta dubawa?"

"Ita ce, Ya."

"Allah ya yi miki albarka."

Na san tafiyar da take nufi, na kuma amsa da amin. Har yau in na tuna wannan amin ɗin sai in ji kunya.

Ita ma ta shiga nata shirin. Ta sa aka yi wa ɗakin baƙi sabon yaɓe, aka ɗaura gidan sauro. Ta ji an ce yaran Turai ba su iya tsugunno ba, sai ta kira kafinta ya yi mata wata ƴar kujera mai rami a tsakiya, ta kuma tsaya a kansa har ya goge ta sumul don kada sartse ya soki kowa. Akuyarta ta haifi ɗa fari tas, ta ce ba mai taɓa shi, na wasan yara ne. Maƙwabciyarmu Munira, wadda ta zo daga Damasak da iyalinta tun shekarun gudun hijira, ta riga ta san ranar da za a yi waina da ranar da za a yi burabusko. Bayan sallar la'asar kuma Ya takan ce in koya mata Faransanci kaɗan, tunda yaran ba su jin Barbarci, Hausarsu kuma ba ta wuce "lafiya lau" ba. Ba ta son gaisuwa, ta ce wannan ido ma yana yi. Abin da take so shi ne "zo ka ci abinci" da "kada ka taɓa, da zafi." Ina faɗa tana maimaitawa, tana dariyar kanta, ni kuma zuciyata tana cina.

Wata safiya Abdullatif ya aiko saƙo cewa gurbin ajin ƙanana ya kusa cika, in ba a kama yau ba shi ke nan. Ina zaune a ofis, shafin rajistar a buɗe gabana. Ya zo mini a rai cewa in na yi jinkiri gurbin ya cika, wataƙila tafiyar ta rushe, wataƙila ya sake tunani. Amma ko ta rushe, hanyarmu dai ba ta gyaru ba. Na rubuta sunan Ilham, na rubuta na Babagana, na danna.

Da na koma gida cin abincin rana sai na tarar da Ya a tsaye bakin ƙofa, ta naɗa lafayarta ta fita unguwa, takalmi a ƙafa.

"Ina zuwa, Ya?"

"Gona. Na aika wa Sha'ibu ya bar mini fangali biyu na tattasai kada a tsinke, yaran su tsinka da hannunsu su ga abin da ya kai ubansu makaranta. Yaron nan ba ya jin saƙo, sai na je da kaina."

Shekaru ke nan ba ta taka wannan gefen na kogin Komadugu ba. Mu muka hana ta, tun lokacin da zuwa gona ya zama sai da addu'a. Yau ga ta za ta hau motar kasuwa ta nufi wajen Geskeru saboda ƙaryar da nake ciyar da ita kullum da yamma.

Na ce, "Ya, ki zauna. Yaran ba za su zo ba."

Ta koma ciki, ta cire takalmi, ta zauna a kan tabarma da lafayar a jikinta. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Hanya ce?"

"Hanya ce."

"Ke kika hana shi?"

"Ni ce."

"Kin yi daidai."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ɗan jima tana kallon ƙofar ɗakin baƙi, sannan ta juyo.

"To tafiyar da kike ta shiryawa fa? Na wane ne?"

Na gaya mata duka, ban rage ba. Na ce tun yaushe na sani, na ce ni na zaɓi masaukin, ni na sa sunayensu yau da safe. Na zata za ta tambaye ni dalilin da ya sa na bar ta tana yaɓe da kiran kafinta. Ba ta tambaya ba. Cewa ta yi in nuna mata wurin.

Na buɗe mata bidiyo a waya. Ta kawo ta kusa da ido. Ƙananan yara ne cikin manyan riguna da hular kwano, sun jeru suna zamewa a hankali bayan wani mutum, kamar ƴan agwagwa. Ɗaya ya faɗi ya kasa tashi, mutumin ya komo ya ɗaga shi ta hammata, ya kakkaɓe shi.

"Wannan mai jajayen kaya, shi ne malaminsu?"

"Irinsa ne. Ba a san wanda za su samu ba sai ranar farko."

"Ba a san sunansa ba?"

"A'a."

"To me za a kai masa?"

A gidanmu ba a kai yaro wurin malami hannu sake. Ranar da aka kai ni makarantar allo, babanmu ne ya riƙe hannuna, Ya ta soya waina aka raba sadaka, aka kai wa malam goro. Baba ya ɗauki hannuna ya sa cikin na malam ya ce ga amana. Ranar da aka kai Abdullatif lakwal, makarantar boko, ma haka aka yi wa mushensa, wato malaminsa, ko da yake shi mushen har kunya ta kama shi.

Na ce, "Ya, can ba a yin haka. An riga an biya ta waya. Iyaye suna ajiye yaro a gindin wata tuta, a rataya masa lamba, a ce su tafi da sauri don kada ya yi kuka."

"Biya daban, amana daban." Ta dube ni sosai. "Mutumin da zai ɗaga mini yaro daga ƙasa, a ce ko gaisuwa ba wanda ya yi masa daga gidan nan?"

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Na ji tana buɗe akwati. Ta fito da sabuwar hula zanna da kwalbar turaren wuta, ta ƙulla dakakken yaji a leda, ta ce in nemi mai zuwa Yamai wanda ya san mai zuwa Faransa. Na san da wuya kayan su isa kan lokaci, na kuma san Abdullatif zai ji nauyin miƙa wa Bature yaji a kan dutse. Na karɓa da hannu biyu na ce to.

"Yanzu danna mini abin maganar nan. Auta ya sa masa a kunne kafin ya saki hannun yaran."

Na danna, na riƙe mata wayar. Ta gyara lafaya kamar mutumin yana gabanta. Ta fara da Barbarci, sai ta tsaya ta koma Hausa, wai ita Bature zai fi ji.

"Malam, wushe, sannu. Ina gajiya, ina iyali. Ni ce Fanna, kakar yaran nan, daga Diffa. Ban san sunanka ba, ka yi haƙuri. Ga yara nan biyu mun ba ka amana, Allah ya ba ka ikon riƙewa. Babbar, an ce mini tana da kunya, in ba ta gane ba ba za ta tambaya ba, sai ka lura da ita. Ƙaramin mijina ne, kada ka yi masa tsawa a gaban mutane." Ta ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Ban san ko yana da tsoro ba. Ban san ko in ya faɗi kuka yake yi ko dariya ba. Kai za ka sani kafin ni. Na ga kana ɗaga su in sun faɗi. In ka ɗaga shi, don Allah ka gaya wa ubansa ya gaya mini, yana da nauyi ko ba shi da. Shi ke nan. Allah ya tsare ku da sanyi."

Ta ɗaga mini kai, na saki.

"Ki juya masa da harshensu. Kada ki rage komai."

Na ɗauki wayar na fara. Na juya gaisuwar, na juya amanar, na juya kunyar Ilham. Da na iso wurin nauyin sai na tsaya. Na goge, na sake farawa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ajiye wayar a kan tabarma na ce mata zan ƙarasa in na yi sallah.

Ta fara warware lafayarta tana naɗewa.

"To ki yi da wuri," in ji ta, "kada a miƙa su kafin gaisuwata ta isa."