Fuskar Sarkin Shiru

Hedimasta bai taɓa karanta littafin zane ba a rayuwarsa. Shekara talatin ya yi yana ƙwace su daga hannun ɗalibai, har ya yi ritaya. Wannan ma ya buɗe shi ne don sunan Auta, 'yarsa, na jikin bangon, kuma mai jarida ya ishe shi da cewa ana rububinsa.

Labarin wani birni ne mai shawagi a sararin samaniya, mugun cikinsa kuwa Sarkin Shiru ake ce masa. Ba a nuna fuskarsa ko sau ɗaya. Inuwa ce kawai ta ƙarƙashin ƙofa da baƙaƙen takalma biyu, sai ka ga mutanen ɗakin sun haɗiye maganarsu.

A shafi na tara Hedimasta ya gyara zaman tabarau. Dunduniyar takalmin hagu ta cinye ta gefe. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya dubi nasa, ya ce a ransa ai takalma duk haka suke cinyewa. A shafi na sha huɗu mugun ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya murɗa ƙofa. A na ashirin ya ja yatsa a kan tebur yana neman ƙura.

"Ke," ya kira matarsa, "wai ina gyaran murya kafin in shiga ɗaki?"

"Sau biyu," ta ce, ko ɗagowa daga guga ba ta yi ba.

"Kowa ma yana yi."

"To, Malam."

Wannan "to" ɗin ta tsaya masa a wuya. Ya sayo sauran littattafai biyar na labarin, ya zauna da jan biro kamar mai duba jarrabawa, yana ja wa hujjoji layi. Ya fara zargin kowa. Murmushin mai jarida ya zama na sheƙiyanci. Matarsa in ta yi waya ƙasa-ƙasa, to da shi ake. Amma ba dariyar mutane ce ta hana shi sakewa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a ce yarinyar da ya fi so a duniya dodo take ganinsa. Ai ko tsinke bai taɓa ɗaga mata ba.

Ranar Talata da hantsi ya hau matakalar ɗakin aikinta, saman wani shagon ɗab'i, ko'ina warin tawada. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya danne gyaran muryar da ƙyar.

"Shigo, Baba," ta ce daga ciki.

Ashe ko bai yi gyaran murya ba ta san takunsa. Ya shiga ya same ta gaban tebur mai gangara, ta miƙe ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya ajiye littattafan. So yake ta yi dariya ta ce Baba ka cika zargi.

"Wannan mutumin, ni ne?"

Ta daɗe tana juya alƙalami. "Ban zauna na ce zan zana ka ba. An ce in kawo abin da ya fi ba ni tsoro, shi ne ya fito."

"Na taɓa dukanki?"

"A'a. Tsayuwa kake yi a ƙofa, mu yi shiru, sai ka wuce."

Shi kuwa dariyarsu yake tsayawa saurare, don ya san da ya shiga za ta mutu. Ya buɗe baki zai faɗa mata. Sai idonsa ya kai kan takardar da ke teburin: ga mugun nan a tsaye cikin haske, kafaɗu, wuyan riga, amma wurin fuska fari fat, gogewa har ta kusa huda takardar.

"Littafin ƙarshe ne," ta ce. "Edita ya ce dole a ga fuskarsa. Wata biyu ina fama. Takalmanka na sani, Baba, da hannunka. Ban taɓa kallon fuskarka sosai ba."

Hedimasta ya dubi kujerar da ke jikin taga. Ya jawo ta, ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. 

"Nan akwai haske?" ya ce. "Ɗago ki duba, Auta. Ba sauri nake ba."